Jan Iri da Tattabarun Yaya

Yaya Usmanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya aiki, yaya mai ɗakinka da yara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Tattabarun da ka bar mini amana, uku sun mutu, har da farar nan taka. Da safe na tarad da su sun saki fiffike, ko ruwa ba su taɓa ba. Na daɗe a tsugune ina dubansu, sai na lura da jan gari a bakinsu. Ashe ragowar irin dawa ne da muka shuka a hawasha, wato gonarmu, wanda aka cuɗa da maganin ƙwari. Inna ce ta kakkaɓe gindin buhu ta watsa musu. Ka san ta, ba ta iya ganin ƙwayar hatsi ta tahi banza.

Na share wurin, na wanke kaskonsu, na ware masu ciwon ina ɗura musu ruwa da garin gawayi. Sun fara tashi.

Inna kullum tana bakin akurki tana cewa, “Wane mai mugun ido ya shigo gidan ga? Me zan ce wa Usmanu?” Ban gaya mata ba. In kun yi waya, don Allah ka ce mata kwanansu ne ya ƙare. Daga bakinka za ta yarda.

Ka gai da Kawu Isa. A sa mu cikin addu'a, Inna a gaba.

Ƙaninka,
Haruna