Tsakuwar Nana

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ɗoki, da fatan Allah Ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Amma wa zan faɗa wa? Gidan nan cike yake da mutane, ba mai yi mini magana sai in za a ce in miƙo buta.

Nana ba ta da lafiya. Tun bayan sallah take riƙe da kwiɓi tana birgima, fitsarinta ja kamar an jiƙa zoɓo. Gwaggo Larai, wadda ta zo daga Kano ta riƙe mu bayan rasuwarki, ta ce shawara ce, ta yi ta ɗura mata jiƙo. Da abin ya ƙi, Baba ya ce in kai ta babban asibiti, tunda ni ke jin Turanci da yaren garin.

Inna, tsakuwa ce a ƙodarta. Na gan ta da idona. Akwai wata na'ura mai allo kamar talabijin, sikanin suke ce mata. An shafa wa Nana wani mai mai sanyi, likitar ta riƙa goga wani ɗan abu a bayanta, sai ga cikin jikinta a allo, toka-toka kamar samaniyar Enugu in hadari ya haɗo. A tsakiya wani ɗigo fari tas, da inuwa a bayansa. Ni har kyau ya yi mini, kamar tauraro, sai da na tuna shi ke sa ta ihu. Likitar ta ce ya toshe hanya, ƙodar tana kumbura. Ba za a tsaga cikin ba. Da wannan hoton za su riƙa dubawa suna bi da wani siririn bututu ta baya har su kai gare shi. Nana ta kwanta tsit, don ina riƙe da hannunta ina raɗa mata labarin wani littafina, na cire wuraren soyayyar.

Sai likitar ta ce abin yakan bi jini, in hau a duba ni ma. Na hau. Labule bai rufu sosai ba. Kin tuna Hajiya Tabawa mai aikatau a layin 'yan albasa? Ta rako surukarta awo, ta hango ni kwance, riga a ɗage. A unguwarmu ba wanda ya san ana haska mace da wannan na'ura in ba juna biyu gare ta ba. Kafin okada ya sauke mu, maganar ta riga mu isa kasuwar Ogbete.

Ba a sami komai a jikina ba, Inna, ko tsakuwar. Amma wa ya tambaya? Gwaggo ta kwashe littattafaina daga ƙarƙashin katifa ta zuba a murhu, wai su suka buɗe mini ido. Ni da ko mai shago ban iya kallo a fuska ba! Baba bai dake ni ba, bai ma ce ya yarda da zancen ba. Cewa kawai ya yi kada in ƙara taka zaure sai bakin mutane ya mutu. Kin san shi. Tun da ya dawo bayan yaƙin basasa ya tarar da rumfarsa toka, yake cewa abin da ya rage masa a garin nan mutuncinsa ne.

Yanzu duniyata daga ɗaki sai bakin rijiya. Ina jin hayaniyar kasuwa ta kan katanga kamar rediyon maƙwabta.

Makon jiya Gwaggo ta mayar da Nana a sake dubawa kafin aikin. Ta ƙi kwanciya, ta ciji nas, ta yi ta kirana. Suka dawo ba a yi komai ba. An ce su koma Alhamis, kuma in ƙodar ta ci gaba da kumbura za ta iya lalacewa. Ga ta nan kusa da ni, ta naɗe kamar mage, ta ce in ba da ni ba ba za ta ba.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar da za a tafi da ke asibiti, kin juya fuska bango, yadda kika saba in za ki yi mini magana, kika ce yarinyar nan ta kula da Nana. Na yi shiru. Ba ƙi na yi ba, kuka ne ya toshe ni. Kin tafi kina zaton ban ji ba?

Ban taɓa fara yi wa Baba magana ba, sai dai in amsa. Gobe in ya dawo masallaci zan durƙusa a gabansa in ce ranar Alhamis zan tafi da Nana, in yana so ya zo ya ga allon da idonsa. Ban san me zai ce ba. Na dai wanke mayafinki shuɗi, na shanya.

To, Inna. Na ji, na amsa.

Sai mun zo.

'Yarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta,
Sa'adatu