Saƙon Inno Yana Bakina Shekara Uku

Zuwa ga Alhaji, tsohon shugabanmu, wanda har yau mutane daga Raba zuwa Goronyo ba su bar ce maka Ciyaman ba, a can ƙasar da kake zaune.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa irin ta Musulunci, ina fatan wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da iyali. Ni ce Kulu, matar Malam Buba, ta Marnona, wadda katanga guda ta raba gidanmu da na mahaifiyarka, Hajiya Inno, Allah Shi gafarta mata. In ka manta fuskata ba laifi. Duk sa'ad da ka taho gaishe ta, ni ce mai shimfiɗa maka tabarma in koma bayan ƙyaure.

Ban so in yi maka magana gaban jama'a ba, Allah Shi ne shaida. Sau huɗu ina ba Mamman, na hannun damanka da ka bari a Sakkwato, takarda ya isar maka, ban ga amsar ko guda ba. An ce mini duk da nisan da ka yi, ba ka barin karanta abin da anka rubuta daga gida. Shi ya sa na biyo ta nan, ta jarida. Ban ambaci sunanka ba, ban ambaci ƙasar da kake ba. Batun shari'ar da ke tsakaninka da hukuma kuwa ba ni da ilimin shi, ba kuma shi ya kawo ni ba.

Na ɗaya: abin da ke wurina.

Kai ne ɗan fari ga Inno, kuma ka fi ni sanin yadda ta riƙe kunyar ɗan fari. Tun da anka yaye ka anka kai ka Raba wurin goggonka, ba ta taɓa kiran sunanka ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin Raba". Ranar da ka taho da jerin motoci bayan an rantsar da kai, gari duk ya cika, ita ko ta juya fuska ga bango, ka gaishe ta ta ce "lafiya", sannan ta kama tambayar direbanka jikin uwarshi. Na ga fuskarka ran nan ta tsakanin ƙyaure. Abin da kai ba ka sani ba shi ne, in anka saka muryarka a rediyo takan ce a kashe, ta ɗauki mayafi ta shigo gidanmu wai aron rariya, ta zauna bakin murhuna har ka gama magana, ta tashi ta tafi ba rariyar.

Da ka bar ƙasar, ba ta ce komi ba. Ta dai rage cin abinci. Ciwon ajali ya kama ta da damina, ni ke jinyarta, ni ke karanta mata abin da ya sawwaƙa. Kwana biyu kafin ta cika, bayan la'asar, ta sallami kowa daga ɗakin ta ce in jawo ƙofa. Ta sa na ɗauko Alƙur'aninta, ta ɗora hannuna bisa, ta ce: "Kulu, maganar da na kasa faɗa mishi ido da ido, ba ni son ƙarfe ko takarda su faɗa mishi ita. Ki zauna gabanshi, ki dube shi, ki faɗa mishi yadda nif faɗa miki."

Sai ta kira sunanka, Alhaji. Sunanka na yanka. Na zauna da ita shekara ashirin da wani abu ban taɓa jin shi daga bakinta ba sai ran nan. Ta yi maganarta, ba doguwa ba ce. Ta sa na maimaita har sau uku, tana gyara mini kamar yadda nike gyara wa mata karatu a tsakar gidana. Na ce na karɓa. Ban san abin da na karɓa ba.

Na biyu: dalilin da ya sa ban faɗa ta waya ba.

Bayan addu'ar bakwai, da labarin saƙon ya iske ka, ka kira ni da kanka, sau guda ke nan da na ji muryarka tun tafiyarka. Ka ce in faɗi kawai, kana saurare. Na ba ka haƙuri. Ka ce wannan tsohon yayi ne, duniya ta canza. Wataƙila gaskiya gare ka. Na tambayi malamai biyu. Guda ya ce lalura ce, in faɗa ta waya in yi kaffarar rantsuwa, in ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Guda ya ce kaffara tana warware rantsuwa, amma sharaɗin mai amana haƙƙinta ne, ita ke iya ɗage shi. Ita ko tana kabari. Malam Buba ya ce in bi wanda zuciyata ta natsu da shi. Na so ƙwarai ta natsu da na farkon, na yi istihara, ta ƙiya. Duk sa'ad da na ɗauki waya sai in ji hannunta bisa nawa. Matar da ta danne bakinta tsawon rayuwarta, ta buɗe shi sau guda, ta gindaya sharaɗi guda, ni ce zan karya mata shi?

Na uku: Madina.

Azumin da ya biyo baya Mamman ya taho da albishir, wai za ka yi Umra, ka biya mini ni da Malam mu iske ka can. Na gode, kuma har yau ina godiya, don ta sanadinka na ga Ka'aba da idona. An ce mu jira ka Madina, harabar masallaci, wajen wata ƙofa da anka kwatanta mana, bayan sallar azahar. Kwana biyar muna zuwa. Malam ga ciwon gwiwa, ga azumi, ga rana. Duk mai farar jallabiya da tsawonka sai in miƙe. Na ƙi yin hira da matan da munka taho tare, don kar magana ta shiga mini cikin maganar Inno. Rana ta shida Mamman ya kira Malam. Ya ce lauyoyinka sun hana ka. Wai sunanka yana cikin na'urar filayen jirgi, kana miƙa fasfo za a tsare ka a tasa ƙeyarka zuwa gida, ƙasar da kake ce kaɗai ba ta yi alkawarin miƙa ka ba.

Ranka shi daɗe, ina da tambaya, kuma da ladabi nike yin ta. Lauyoyin ga, ba su san haka ba tun kafin mu tashi daga Sakkwato? In sun sani, mi ya sa anka bar mu tsaye kwana biyar? Na yi kukan baƙin ciki a wurin da mutane ke kukan murna.

Na huɗu: Ƙonni.

Bayan girbin gero anka sake aiko mana. Wai za ka shigo Nijar ta ƙasa, ba ta jirgi ba, mu tsallaka Birnin Ƙonni mu jira ka gidan wani ɗan kasuwa. Kai ka san halin da hanyoyinmu ke ciki yanzu, ba a fita sai da addu'a. Munka hau babur zuwa bakin titi, munka shiga bas zuwa Sakkwato, daga nan Illela. Malam ya bar dawarshi tsaye a gona. Kwana huɗu muna gidan mutane, suna ɗawainiya da mu, suna kallonmu. Ba ka taho ba, ba ka aiko ba. Sai da munka komo gida Mamman ya ce wai an tsegunta maka akwai masu jiranka a iyaka.

Na ce wa Mamman, to, tunda shi Alhaji ba shi iya fitowa, a kai ni inda yake. Ko rabin sa'a ne. Ba ni son ganin gidanshi, a rufe mini ido har ƙofar ɗaki in anka ga dama. Amsar da na samu ita ce ta kawo ni ga abu na biyar, wanda ya fi duka yi mini ciwo.

Na biyar: abin da anka ce a kaina.

Mamman ya faɗa wa Malam a kasuwar Wurno, gaban masu albasa, cewa mutanenka sun yi shawara sun gano ni tarko ce. Wai babu wani saƙo, hukuma ce ta ɗauke ni in jawo ka fili a kama ka. Wai ina anka taɓa jin Inno ta yi maganar ɗanta, ita da ko sunanshi ba ta kira. Kunyar da ta yi maka ita ce sunka mayar hujjar ƙaryata ni.

Su kuma jami'an da ke nemanka, labari ya kai musu ta wata fuska. Mutum biyu sunka taho Marnona, sunka zauna zauren Malam, anka kira ni. Su a ganinsu tsohuwa ta faɗa mini inda ka ɓoye abin da ake tuhumarka da shi. Na ce musu wallahi babu maganar dukiya ciki ko ta allura, magana ce ta uwa da ɗanta. Sunka ce to in faɗe ta su ji. Na ce ba tasu ba ce. Guda ya yi dariya ya ce, "Malama, kin san ana ɗaure mutum kan irin wanga taurin kai?" Ba su cutar da ni ba, sun tafi, sun ce za su komo.

Tun daga nan, mata uku mazansu sun hana su zuwa karatu gidana. Naka suna ce mini 'yar leƙen asiri, masu ƙinka suna ce mini mai ɓoye maka sirri. In na shiga gidan suna ko na gaisuwa sai hira ta tsaya. Mi na yi, Alhaji? Na yi jinyar uwarka, na wanke ta da hannuna, na ce "na karɓa" ga mai shirin cikawa. Iyakar laifina ke nan.

Na shida: jikina.

Watan jiya ina tsakar biya wa mata karatu harshena ya yi nauyi, hannun dama ya saki. Anka kai ni asibiti. Kwana biyu ina jin komi, ina gane kowa, amma in na buɗe baki ba abin da ke fita sai sauti. Sista Rahila, wata Kirista 'yar Zuru da ta kula da ni, Allah Shi saka mata, ta ce hawan jini ne, wanga gargaɗi ne, na biyun ba lalle ya bar mini baki ba. Ta ce in rage tunani. Na ce to.

A cikin kwana biyun nan ban tuna da ɗiyana ba yadda na tuna da kai. Maganar Inno tana nan cikin kaina cikakkiya, ga ta, amma babu ƙofar fita. Da bakina ya buɗe, ita na fara biyawa kafin in nemi ruwa. Kullum bayan asuba nike biya ta cikin zuciya, kamar tilawa. Kuma dole in faɗa maka gaskiya, don ba ni son in ci amana ta ɓoye: akwai wuri guda a tsakiya da na fara shakka, ko wagga kalma ta riga waccan, ko waccan ta riga wagga. Da ba ni shakka. Babu allon da zan duba, babu wanda zan tambaya.

Ga abin da nike roƙo.

Ka sa a kai ni inda kake, ni da Malam, tun bakina yana aiki. Ko ka zaɓi wurin da kake da aminci da shi, ka taho da gaske wanga karon. In duka biyun sun gagara, to ka aiko mini da kalma guda daga bakinka cewa ba za ka iya ba, in bar ɗaga kai duk sa'ad da mota ta tsaya ƙofar gida. Sannan ka sa Mamman ya koma kasuwar da ya ɓata ni ya gyara maganarshi.

Ba ni ce maka ka miƙa kanka. Ban san abin da ke jiranka ba, kuma ban taɓa kwana ina tsoron a kama ni ba, balle in raina tsoron wani. Amma ka sani, ka zauna inda babu mai iya kai hannu gare ka, kuma cikin waɗanda sunka kasa kaiwa har da uwarka.

Ga hukuma kuma, in wani cikinsu ya karanta wannan: ban san ko doka tana da wata 'yar kafa da za a bar mutum ya ji wasiyyar uwarshi ba tare da an kama shi ba. In akwai, ina roƙo. In babu, ku bar zuwa zauren Malam, ba ni da abin ba ku.

Allah Shi warware maka abin da ya dame ka ta hanyar da ta fi alheri gare ka duniya da lahira. In an zalunce ka, Allah Shi fid da kai. In kai ka yi zalunci, Allah Shi ba ka ikon gyarawa tun kana numfashi. Allah Shi kai haske kabarin Inno.

Ni dai ba ni da wata dabara da ta rage. Ba zan ba kowa saƙon ya riƙe maka ba, ko Malam, ko ɗiyana, don ba a ba ni izinin haka ba. In Allah Ya haɗa fuskokinmu, zan zauna gabanka in faɗa maka abin da ya saura a bakina. In kuma na riga iske ta kafin in iske ka, sai in mayar mata da kayanta, in ce mata na kai har Madina ban same ka ba.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Kulu, matar Malam Buba,
Marnona.