Ledar Sabon Kanti

Daren Laraba, Azare.

Yau ma ban yi cinikin kirki ba. Tun da kantin nan mai rassa ko'ina ya buɗe a hanyar Giade, masu sayen shinkafata sun koma can. Ba tayi, ba gyara, amma tasu ta fi tawa araha. Ni kuwa da mudu zai cika in ƙara da hannu!

Da na dawo gida na ga ledarsu a bayan ƙofa. Matata, da kullum wurina take sayen shinkafar da take dafawa ta sayarwa, ta sunkuyar da kai.

"Malam, ka yi haƙuri. Tasu ta fi fitar da ni."

Shinkafar tasu na ci da magariba. Har ƙari na yi. Ya Allah, ina zan sa kaina?