Kanumfarin da na cusa a haƙorin maigidana

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Ina roƙon ku ɓoye sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Karatuna a lakol bai yi nisa ba, in na yi kuskure ku yi haƙuri. Daga Cadawa nake rubuto muku, ina cikin takaba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin aya yake yi. In zai sayi buhu sai ya ɗebi kaɗan ya tauna, ya ji bushewarta. A haka wata rana ya haɗa da tsakuwa, haƙorinsa na tauna na ƙasa ya tsage. Ya daɗe yana daurewa har ta kai ko ruwan randa ba ya iya sha. Ƙanensa, wanda zan kira Ilu, shi ya goya shi a babur zuwa wurin lokotoron haƙori a Maraɗi. Lokotoro ya ce ba sai an cire ba, za a kashe jijiyar, a wanke ramin, a toshe shi. Ya yi rabin aikin, ya sa magani, ya liƙe da wani farin abu na wucin gadi, ya ce lallai ya dawo a ƙarasa.

Malam ya dawo yana dariya, ya ci tuwo har da ƙari. Ni ce hankalina bai kwanta ba. A wani gidan suna na ji mata suna cewa haƙorin da aka kashe wa jijiya mushe ne, in aka toshe shi sai ya ruɓe daga ciki, dafin ya bi jini, wani ma idonsa ya tafi. Wata ta ce, "Yaya mutum zai tsaya salla da mushe a baki?" Ban tambayi kowa ba, na ƙulle maganar a raina na taho da ita gida.

Ranar komawarsa ta faɗo ranar kasuwar Gazawa, ga shi ana ta hada-hadar zaɓe, sojoji za su miƙa mulki, motoci duk sun tafi kamfe. Na ce, "Malam, tunda ciwo ya tafi, mi za ka koma nema?" Ya ce, "Ke da kika gudo daga lakol, yaushe kika zama lokotoro?" Na ce ya buɗe bakinsa. Ƙanshin kanumfari na ji a wurin da aka liƙe. Na ce, "To ai maganin nasu kanumfari ne, ga shi nan cikin gwangwanin yajina. Don Allah kada ka bari su binne maka gawa a baki." Na yi kuka. Shi mutum ne da ba ya son ganin hawayena. Ya ɗauki buhunansa ya nufi Gazawa. Da ya dawo, mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ta tambaye shi, "An gama aikin haƙorin?" Ya dube ni ina dama fura, ya ce, "An gama, Inna."

Bayan wani lokaci farin abin ya faɗo cikin tuwo, ciwo ya dawo. Ni na daka kanumfari da kanwa, na naɗe a auduga, na tura cikin ramin da tsinke. Yakan lafa, sai in ji daɗi, in ce ka gani? Da kumburi ya fara a ƙasan haɓarsa na ce sanyi ne. Ya gangaro wuya, ya kasa haɗiyar miyau, muryarsa ta canza. Sannan ne aka kai shi Maraɗi. Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye mu, "An ƙarasa masa aikin haƙorin?" Kafin in buɗe baki Ilu ya ce, "An ƙarasa, shi ne ma ya jawo wannan." Na sunkuyar da kai. Mi ya riƙe harshena? Tsoro ne, ba wani abu ba.

Daga baya na sami ma'aikaciyar a bakin famfo, na yi mata tambayar kamar don wata nake yi. Ta ce aikin ba ya kisa, ba ya taɓa ido, ruɓar ake kwashewa don haƙorin ya zauna lafiya. Ta ce haɗarin shi ne a bar shi a rabi, rami a buɗe, ƙazanta na shiga. Malam bai dawo gida da ƙafarsa ba.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, haka masu gaisuwa suke ta faɗa mini. Amma yanzu duk unguwarmu an tsaya a kan cewa aikin lokotoro ne ya kashe shi. Inna kuwa ita ke kawo mini abinci da hannunta, tana gaya wa baƙi, "Ɗiyar nan ta yi jinya, Allah ya saka mata." Duk sa'ad da ta faɗi haka sai in ture kwanon gefe.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na tafi da shi kabari. To Ilu ne yanzu. Shi ke ciyar da yarana tun rasuwar. Haƙorinsa ya kama ciwo, ya je Maraɗi, an ce masa irin aikin yayansa za a yi. Inna ta ce, "Sun ci mini ɗaya, ba ni ba su na biyu." Ya fasa. Ya zo gaishe ni ya tsaya daga bakin ƙofa, ya naɗe kumatu da rawani, amma na ga gefe guda ya tasa. Da wasan nan namu na ƙanen miji ya ce, "Matar yaya, lokotoron gidanmu, a taimaka wa talaka da haɗin nan. Yaya ya ce naki ya fi na Maraɗi." Na ce kanumfari ya ƙare. Ya yi dariya da rabin baki, ya ce, "Rowa dai."

Jiya ya aiko da ƙullin kanumfari guda daga kasuwa. Yana nan a kan murfin randa, ban taɓa shi ba, ƙanshinsa ya cika ɗakin.

In na faɗi gaskiya, da wane ido zan dubi Inna? Zan ce mata ɗanta ƙarya ya yi mata saboda ni, shi da ba ya nan balle ya kare kansa? Yarana fa, in suka girma suka ji? In kuma na yi shiru, ni kaɗai na san inda kumburin nan yake gangarawa. Na gwada ce wa Ilu ya koma Maraɗi kawai, ya ce, "Ke ma so kike in bi Yaya?"

Ya ce zai biyo ya karɓi haɗin in an sauko daga masallacin Juma'a. Don Allah, jama'a, mi zan yi?