Ranar da Lubor Ya Ce "Ku"

Písek, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Mai girma Dakta Lubor Kadlec,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da babban bankinku. Kada ku yi mamakin wannan "ku", ku kuka fara.

Ranar Asabar a mashayar garinmu na tambaye ku ko kuɗin ruwa zai hau, sai kuka gyara tabarau kuka ce, "Ba zan iya gaya muku ba." Muku! Ni Olda, da na yi yawon liƙa hotunanku cikin ruwan sama lokacin da kuke neman kujerar majalisa. Kuna minista ma "kai" muke ce wa juna. Wallahi abin ya yi mini ciwo, kwandon naman kazan da muka tsinto a daji ma a can na manta shi.

In abotar ta ƙare, a sanar da ni a rubuce, yadda kuke sanar da ƙasa.

Ku huta lafiya,
Oldřich Vrba

Praha, 7 ga Oktoba

Olda, tsohon rigimamme,

Ina gaishe ka, ina gaida gwiwarka mai ciwo.

Kai kaɗai ne a teburin? Ga mai mashaya tsaye a kanmu, ga surukinka ya baza kunne, ga wani baƙo da waya a hannu. Da ku duka nake! Ka san in zaman yanke shawarar bankin kan kuɗin ruwa ya matso ba ma buɗe baki. A siyasa surutu ne ya ciyar da ni, a nan kuwa ko tari na yi sai a ce darajar kuɗinmu koruna za ta faɗi.

Kuma ka manta al'ada? Kai ne babba, kai ka miƙo mini hannu muna ɗalibai ka ce, "Daga yau ka ce mini kai." Muka sarƙe hannu muka sha. Wannan ba a warware shi, ko kotu ka je.

Takardarka ta hana ni cin abinci. A nan kowa "ku" yake ce mini, har mai shara. Kada ka ƙaru a cikinsu, don Allah.

Naka har kullum,
Lubor

Písek, 11 ga Oktoba

Lubor,

Gaisuwa. Na tambayi mai mashaya, ya ce gaskiyarka, wai kuma in je a duba mini kunne. Marar kunya.

Ka yi haƙuri. Tun da muka binne matata Jarmila na zama mai saurin tsorata. Cikin waɗanda suka san ni da gashi a kai, saura kai kaɗai.

Ka zo ranar Asabar. In ba a yarda ka yi magana ba, ka zauna kawai, ni zan yi.

Sai ka zo,
Olda