Yayana ne ya fasa wa Baba Ticha kai a hanyar kekuna

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, admin don Allah a sakaya sunana. Ku taimaka min da shawara don girman Allah, kaina ya kulle.

Ni matar aure ce, muna zaune wajen Rigachikun. Da mai ya yi tsada, mutanen unguwarmu da yawa suka koma hawa keke zuwa Kawo, amma babban titi ba ya biyuwa saboda tireloli. Sai wani dattijo tsohon malamin firamare, ɗan kudancin Kaduna, kowa Baba Ticha yake ce masa, ya bi gida gida ya haɗa kan mutane aka yi gayya, aka share wata tsohuwar hanya ta bayan gonaki aka zuba jar ƙasa, aka ce ta masu keke ce da masu tafiya a ƙafa. Wallahi hanyar nan ta rufa mana asiri. Na kafa kaskon awara a bakinta, mijina ya buɗe rumfar faci da gyaran keke, ga mai shayi ga masu rake, ran Asabar har 'yan cikin gari suna zuwa motsa jiki su yi mana ciniki.

To sai 'yan acaɓa suka fara bin ta da gudu, har wani ya banke wata mata mai goyo ta karye. Kwamitin unguwa ya kafa turakun ƙarfe don kada mashin ya shiga. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya ɗan acaɓa ne, shi yake riƙe da mahaifiyarmu, ya yi ta faɗa wai an toshe musu hanyar abinci, har suka yi cacar baki da mijina suka daina gaisawa.

Wata safiya ina tsakiyar suya sai ga 'yan acaɓa sun zo da guduma da rodi, sun naɗe fuska da rawani, za su tumɓuke turakun. Samarin unguwa suka tare su, nan take aka kaure, duwatsu ta ko'ina, aka kifar min da kasko mai ya ƙona ni a ƙafa, na faɗi bayan benci. Daga nan nake kallo Baba Ticha ya shiga tsakani hannunsa a sama yana cewa "'Ya'yana ku tsaya mu yi magana." Wani ya sheme shi da rodi a ka. Har yau ina jin ƙarar. Ya faɗi jini na malala a jar ƙasar da shi ya sa aka zuba, rawanin wanda ya buge shi ya zame muka haɗa ido. Yayana ne.

Mijina ne ya ciccibi Baba zuwa asibiti, har yanzu bai farfaɗo ba. Samari suka ɗora laifin a kan wanda ya taɓa banke matar nan, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka zubar masa da haƙora, suka ƙona mashin ɗinsa, yanzu yana hannun 'yan sanda, kuma ni na san ko wajen bai zo ba. Hanya ta mutu, kowa ya kwashe kayansa, wasu ma sun fara juya maganar wai faɗan addini ne tunda Baba Kirista ne, ku kuwa kun san Kaduna.

Na gaya wa mahaifiyarmu, ta ce in na buɗe baki ba ta yafe min nonon da na sha ba. Yayana ya zo duba ƙunata, bai ko zauna ba, abin da ya ce kawai, "Ke dai ba ki ga komai ba ko?" Mijina kuma ya rantse duk ranar da ya gane mutumin sai dai a raba su a kotu ko a maƙabarta. Jiya na je asibiti, matar Baba ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ke ce kusa da shi, ba ki ga fuskarsa ba?" Na ce hayaƙi ya rufe min ido.

Mai unguwa ya kira duk wanda yake wajen mu je gobe mu faɗi abin da muka gani. In faɗa ne in rasa uwata, wataƙila a kashe yayana kafin hukuma ta kama shi? Ko in yi shiru bawan Allah ya ruɓe a kurkuku? Akwai hanyar da zan sa ya miƙa kansa ba tare da an san daga bakina ta fito ba? Don Allah ku ba ni amsa yau, in an ɗora min Alƙur'ani gobe ban san me zan ce ba.