Ragon Malam Bube

Tambuwal, Jihar Sakkwato

Zuwa ga ƙanena Habila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Damaris da yara, da fama da ruwan Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta je sujada da kanta. Ni kuma an mayar da ni asibitin Kebbe, kullum ina bisa hanyar nan mai karya ƙugu. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.

Na rubuto ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ambaci ɗanka Kefas da ke zaune wurinmu, sai ka tambaye ni na nawa ya zo a aji. To, na ɗaya ya zo, hankalinka ya kwanta. Nawa kam a tashe yake, abinci ma ba ya shiga.

Ran Asabar ya hau jan babur ɗin da ka saya masa ladan ƙoƙari, ya nufi Sanyinna wajen darasin jarrabawa. A bakin gari ya banke ragon maƙwabcinmu Malam Bube, wanda tsohon yake kiwo don sunan jikansa. Tsautsayi ne, ban ga laifinsa a nan ba. Amma kai ma a garin nan ka tashi, ka san abin da ake yi. Tsayawa ake yi a ƙwala kira, wani Musulmi ya zo da wuƙa ya yanka kafin rai ya fita, don naman ya ciwu. Kefas ya waiwaya, ya ga dabba tana shure-shure, ya ƙara wuta don kada ya makara. Rago ya zama mushe, aka ja shi aka jefar a bayan gari, tsohon nan yana tsaye yana kallo.

Wata mata ta ce jan babur ta hango. Sai zargi ya faɗa kan Na'iya ɗan kabu-kabu, don nasa ma ja ne. Samari suka ƙwace abin hawansa suka kai gidan mai unguwa, alhali da shi bawan Allah yake ciyar da iyalinsa. Da yamma Malam Bube ya leƙo gidanmu, ya tambayi Kefas ko ya ga wani abu a hanya. Ɗanka ya durƙusa har ƙasa, ya ce bai ga komai ba, har da jajanta masa, ko ido bai ƙifta ba. Washegari shi ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a majami'a, matan zumunta suna ta sa masa albarka. Muna dawowa na ga gashin rago da busasshen jini a tayar gaba ta babur ɗinsa.

Da na tsare shi bai musa ba, shi ya ba ni labarin duka kamar mai bayanin lissafi. Ya ce in bari sai bayan jarrabawa, ai kai ka ce kada a dame shi da komai. Na ce Na'iya fa? Ya ce shi ai ba karatu yake yi ba, ba abin da zai rasa. Haba! A gidan Baba aka haifi mai wannan magana?

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Mu Kirista a unguwar nan gidajenmu ba su da yawa, kuma abin da ya zaunar da mu lafiya da mutane shi ne in mun faɗi magana ana yarda. In gaskiyar nan ta fito ta wani baki, ba Kefas kaɗai za a ambata ba. Amma yaron kansa ya fi ba ni tsoro. Likita kake so ya zama. Ni a asibiti nake aiki, na san abin da ke faruwa in mai ilimi ya iya kallon rai yana fita bai ji komai ba. Ka biya kuɗin makaranta, ba wanda zai ce ka gaza, sai dai ban taɓa jin ka tambaye shi wa ya taimaka ko wa ya ɓata wa rai ba.

Mai unguwa zai zauna kan maganar ranar Alhamis, ana gobe fara jarrabawa. Ni zan je in faɗi abin da na gani, ko da za ka daina yi mini magana. Wannan zai wanke Na'iya, amma ba zai gyara ɗanka ba, sai in shi ya taka da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa.

Ka gaishe mini da Damaris, da Tabita, da ƙaramin Yunana. Mama tana gaishe ku, ban gaya mata komai ba tukuna. Kefas ya ce ba zai je gidan mai unguwa ba sai in kai ka ce ya je. Yana faɗa yana murmushi, don ya tabbata ba za ka ce ba.

Ni ce yayarka mai jiran kiranka,
Liyatu